Da me ake wanke ƙwallon bolin? Ga abin da nake amfani da shi a nan Bauchi

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba maganar siyasa ba ta tsadar shinkafa, maganar bolin zan yi, wasan nan da ake mirgina ƙatuwar ƙwallo mai huji uku a kan dogon layi mai santsi don a zubar da kwalabe goma da aka jera a can ƙarshe. Na san wasu za su ce mu a Bauchi ina ruwanmu da wannan, toh ai akwai mu, ba mu da yawa ne kawai, galibi waɗanda suka yi karatu a waje ne ko masu yawan zirga-zirga Abuja da Legas, kuma cikinmu akwai waɗanda abin ya shiga ransu har sun sayi tasu ƙwallon sun daina ɗaukar ta gidan wasa. Ni a Malesiya na koya lokacin da nake karatu, su can ba sa wasa da wasan nan ko kaɗan, ɗan ƙasarsu Rafiq Ismail ma shi ya ci zinare a gasar duniya ta maza ta ɗai-ɗai a Hon Kon a 2018. Yanzu sai na shiga Abuja nake bugawa, ƙwallon tawa kuma a nan gida take zaune, shi yasa maganar kula da ita ta zama dole a kaina.

Tambayar da aka fi yi min ita ce wane ruwan wanki ne yafi kyau, wanne zan sa a taho min da shi. Amsata kullum ɗaya ce kuma mutane ba sa sonta saboda ba sunan kwalba nake ba su ba. Ka fara sanin da me aka yi fatar ƙwallonka, sannan ka saba goge ta da zarar ka gama wasa tun kafin ka sa ta a jaka. Idan ka riƙe waɗannan biyun ko ruwan da ka haɗa da kanka a gida zai yi maka aiki, idan kuma baka riƙe su ba ko na dala nawa ka saya asarar kuɗi kawai ka yi.

Bari na faɗi daga inda dattin yake zuwa don mutane da yawa sun ɗauka ƙura ce kawai. Layin bolin tsawonsa ƙafa 60 ne daga inda kake sakin ƙwallo zuwa kwalbar gaba, wato mita 18 da ɗoriya, kuma wannan ƙyallin da kake gani a kansa mai ne, akwai inji na musamman da yake bi yana shafa shi, kamar mililita 20 zuwa 25 a layi guda, kuma ba duka tsawon ake shafawa ba, wajen ƙafa 40 na farko ne, sauran ƙafa 20 ɗin na ƙarshe a bushe suke. Asali an fara sa man ne don kare katako kada ƙwallo ta cinye shi, amma yanzu shi ne rabin wasan, saboda a kan man ƙwallo zamewa take yi, sai ta iso busasshen wuri sannan fatarta ta kama ƙasa ta yi kwana ta shiga tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku idan kai badama ne, wannan kwanar ita ke kawo sitiraik, wato zubar da kwalabe goman duka a jifa ɗaya. Toh duk jifa ɗaya da ka yi ƙwallon na kwaso man nan a jikinta, ga kuma baƙin shatin roba da take samu daga belin injin da yake dawo maka da ita, ga ƙurar layi, ga zufar hannunka. Idan man ya yi yawa a fatar ko ta iso busasshen wurin ba za ta kama ba, sai ka ga ta wuce zuruuu kai tsaye, kai kuma kana ta zargin hannunka kana canza tsayuwa alhali ba laifinka bane.

Yanzu fatar. A da can da wani katako mai tsananin tauri ake yin ƙwallon, sai a 1905 aka fara yin ta baƙar roba, daga baya wajen 1960 ta filastik ta shigo, sai ta yuritan a farkon shekarun 1980, sai kuma wadda ake kira riyaktif a farkon shekarun 1990 wadda ita ce ta canza wasan gaba ɗaya. Ukun ƙarshen nan su ne a kasuwa yanzu. Ta filastik fatarta a toshe take, mai baya shiga, a sama yake zama. Ta yuritan tana sha amma kaɗan kuma a hankali. Ita kuwa riyaktif cike take da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, an yi ta ne da gangan don ta riƙa tsotse mai daga samanta saboda ta samu ta kama layi. Duk ɗan Bauchi ya san tandar masa ta ƙasa, yadda sabuwa take shanye mai kana zubawa yana ɓacewa, a kwana a tashi sai ta ƙoshi ta yi baƙi ta yi santsi ta daina sha. A wajen mai masa wannan shi ake so, amma a wajen mai bolin ranar da ƙwallonka ta ƙoshi da mai ranar ta mutu, haka ma 'yan wasa suke cewa, wai ta mutu. Kuma abin haushin ita ce mafi tsada a cikinsu, ita ce kuma mafi saurin lalacewa idan aka yi sakaci.

Idan taka ta filastik ce, irin waɗanda ake jerawa a gidan wasa kowa ya ɗauka ko wadda ake riƙewa don kayar da ragowar kwalba ɗaya biyu, kada ka wahalar da kanka. Ruwa, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, tsumma mai laushi, ka goge ka busar, shikenan an wuce wurin. Duk sauran bayanin nan na masu riyaktif ne da yuritan.

Lokaci yafi ruwan wankin muhimmanci, wannan shi nake so ya zauna a kan kowa. Man da ƙwallo ta kwaso baya tsayawa jiranka, ka saki riyaktif sabuwa ka ɗauke ta da ta dawo za ka ga siraran zobba na mai a jikinta suna ƙyalli, ka ajiye ta ka je ka sha ruwa ka dawo za ka tarar zobban sun dusashe, ba bushewa suka yi ba, ciki suka shige. Kuma duk wani ruwan feshi da ake sayarwa iyakarsa sama da ɗan abin da ke kusa da sama, wanda ya riga ya nutse ba zai ciro shi ba. Shi yasa idan ka kalli gasar ƙwararru a YouTube za ka ga kafin kowane jifa sai mutum ya juya ƙwallo a kan tawul ko wani ɗan faifan fata, ba iyayi bane, man suke cirewa tun yana sama. Ni tawul ɗin maikurofaiba nake riƙewa mai haske don in riƙa ganin abin da ya fito, bayan wasa uku idan ka buɗe shi za ka ga layi-layi ruwan toka, idan ka murza wurin da yatsa kana jin maiƙo, wannan duk da cikin ƙwallon zai tafi. Tawul ɗin wanka na auduga yana yi idan ba yadda za a yi amma shi yawanci shafe man yake yi yana yaɗa shi maimakon ya ɗauke. Kuma dan Allah a riƙa wanke tawul ɗin, ba amfani kana goge mai da tsumman da ya riga ya jiƙe da mai, sannan kada a sa masa ruwan nan mai ƙanshi na laushin kaya wajen wanki, yana kashe masa ƙarfin tsotsa.

Da ka gama wasan ƙarshe, tun kana wurin, tun baka cire takalmi ba, a lokacin ne ake fesa ruwan wanki. Fesa uku huɗu ya isa, ka baza shi ya game jikin, ka bar shi kamar daƙiƙa 15 zuwa 30 ya narkar da man, sannan ka goge da ƙarfi da tawul mai tsabta kana juyawa har ta bushe. Yadda ake gane ta fita shi ne da tafin hannu, ka ja hannunka a kai, idan yana zamewa sulɓi da saura, idan kuma kana jin tana ɗan riƙe maka hannu har tana ɗan ƙara ƙii toh ta yi. Wanda zai bari sai ya kamo hanyar Jos ya iso Bauchi ya kwana ya tashi sannan ya tuna da ƙwallo, wannan ƙyalli kawai zai goge.

Toh su na kamfani fa. Akwai su da yawa kuma gaskiya masu kyau ne, Storm suna da Reacta Clean da Reacta Foam, akwai Tac Up, akwai That Purple Stuff, akwai Monster Tac, Brunswick da Ebonite da Kegel duk kowa na da nasa. Wani abin da ya burge ni ma shi kansa kamfanin Storm da yanzu ya zama gagarau a ƙera ƙwallo, a 1985 da sayar da ruwan wanke ƙwallon yuritan ya fara a jihar Yuta ta Amurka, daga baya ne suka shiga yin ƙwallon. Abin da ke cikin kusan dukkansu ba wani sirri bane, sinadarin da ke narkar da maiƙo ne da wanda ke ɗaga shi daga jikin fata sai wanda ke sa ruwan ya bushe da wuri, bambancin kawai wani kumfa ne wani feshi wani kuma mai kauri kamar man gashi. Ni nafi son mai kumfa saboda baya gangarewa cikin hujin yatsa kuma yana zama a jiki ya yi aikinsa, amma wannan ra'ayina ne, wani abokina da feshi kawai ya yarda kuma ƙwallonsa lafiya lau take. Abubuwan da zan ce ka duba su ne, ya zama yana cire mai da baƙin shatin beli, ya zama baya barin wani santsi ko danƙo bayan ya bushe, sannan ya zama akwai tambarin amincewar USBC a jikin kwalbar. USBC ita ce hukumar bolin ta Amurka, an kafa ta a 2005, tana gwada waɗannan ruwaye tana fitar da jerin waɗanda ta yarda da su a shafinta na intanet, kuma ko da baka da niyyar shiga gasa har abada tambarin yana nuna maka an gwada an ga baya tausasa fatar ƙwallo, wannan shi ne amfaninsa a wajenmu. Su ne ma suka sa doka daga 1 ga Agustan 2019 cewa idan an fara gasa busasshen tawul kawai aka yarda ka taɓa ƙwallo da shi, ruwan wanki sai kafin a fara ko bayan an tashi. Mu da muke buga namu na nishaɗi ba mai hana mu, amma ni na saba da hakan, tawul a tsakiyar wasa, feshi a ƙarshe.

Matsalar ita ce samunsu. Kwalbar da aka fi sayarwa 'yar mililita 240 ce haka, kafin ka biya kuɗin kawowa da canjin dala ta zama wani abu daban, kuma da yawansu akwai sinadari mai kama wuta a ciki wanda masu jirgin sama ba sa son ɗauka, so ko ɗan uwa ne zai dawo daga waje ba lallai a bar shi ya wuce da ita ba. Shi yasa nake haɗa nawa. Su can Amurka haɗin da suka fi yi a gida shi ne Simple Green, wani ruwan goge-goge mai cire maiƙo, da sifirit ɗin aisofurofil da ruwa, kowanne kashi ɗaya daidai wa daida, kuma duka biyun suna cikin jerin da hukumar ta yarda da su. Mu nan Simple Green ba kasafai ake ganinsa ba, toh abin da nake yi shi ne rabin kwalbar feshi sifirit, rabi ruwa mai kyau, sai ɗigo biyar shida na sabulun wanke-wanke irin su Morning Fresh, a girgiza. Kada a cika sabulun, idan ya yi yawa shi ma wani siririn santsi yake bari a jiki sai ka dawo kana wanke abin wankin. Ruwan kuma na roba ko fiya wata nake sawa don na wasu rijiyoyin da bohol yana barin farin shati idan ya bushe.

Wurin sayen sifirit ɗin ne ake buƙatar lura. Ba duk abin da muke kira sifirit bane iri ɗaya, wani aisofurofil ne wani kuma haɗin etanol ne da metanol, na farkon ake so, a jikin kwalbar za ka ga an rubuta Isopropyl Alcohol da kaso 70 ko sama da haka. Na taɓa shiga wani kyamis wajen Wunti nace a bani, yaron shagon ya miƙo min wata kwalba, na tsaya ina juya ta ina karanta bayanta, sai mai shagon ya leƙo yace Alhaji ciwo ne ko kaciya za a yi, nace a'a ƙwallo zan wanke, ya kalle ni ya kalli yaron yace toh Allah ya ba da sa'a ranka ya daɗe, ya shiga ciki ya ɗauko min irin wanda nake nema. Idan kyamis ɗin unguwa babu, masu sayar da kayan asibiti da na lab suna da shi, masu gyaran waya ma da shi suke wanke allon waya. Kuma ga masu ƙyanƙyamin sunan, wannan ba abin sha bane sam, guba ne, a ɗaga shi sama inda yara ba za su kai ba kuma a nisanta shi da risho da gas don yana kama wuta. Haɗin nan ba zai kai na kamfani ƙarfi ba wajen cire tsohon baƙin shati, wannan gaskiya ce, amma ga wanda yake gogewa a kan lokaci ya wadatar.

Sanitaiza da ta rage mana tun zamanin korona kuwa a bar ta a hannu, akwai gilisarin a ciki don kada fata ta bushe, shi kuma santsi yake bari a ƙwallo.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, abubuwan da bai kamata su kusanci ƙwallo ba. Mu dai a garin nan duk abin da ya yi maiƙo fetur ake nema ko kananzir ko tina, haka bakanike yake wanke hannu haka mai fenti yake wanke burushi, har ya zama kamar shi ne maganin komai. Wani ɗan yayata da ya ga ina ta fama da wani baƙin tabo cewa ya yi Kawu ka kawo in kai maka wajen masu fentin mota su shafa mata tina minti ɗaya ta dawo sabuwa, nace kai yaro rufa min asiri. Tabon zai fita kam, amma tina da asiton, wanda shi ne a cikin yawancin ruwan goge jan farce, narkar da saman fatar suke yi, tana laushi, launinta ya dusashe, daga baya ta bushe ta fara tsagewa. Fetur da kananzir kuma su kansu danginsu ɗaya da man da kake son cirewa, ka ga ka cire wani ka ɗura wani. Kuma wannan ba sabon labari bane a wasan, a 1973 wani ɗan wasan Amurka Don McCune ya gano cewa idan ya jiƙa ƙwallon filastik a cikin wani sinadari mai narkarwa da ake kira MEK fatarta na yin laushi ta riƙa kama layi fiye da ta kowa, a shekarar kaɗai ya ci kofi shida a gasar ƙwararru ta PBA aka ba shi gwarzon shekara, da sauran suka gane kowa ya koma jiƙa tasa, abin ya zama haɗari don sinadaran masu kama wuta ne, dole hukumomi suka fito da dokar iyakar taurin ƙwallo, har yau akwai na'urar da ake dannawa a jiki a auna. Daga nan ne tsananin da ake yi a kan me za a shafa wa ƙwallo ya samo asali. Haka bilic irin su Hypo da Jik ba aikinsu bane, ba sa narkar da mai, Omo da Klin na gari kuma idan garin bai narke ba karce yake yi, soson ƙarfe kam ba sai na faɗa ba.

Wani ruɗanin da ake yi shi ne tsakanin ruwan wanki da folish. Ba abu ɗaya bane. Folish yana sa fatar ta yi sumul ne don ƙwallo ta ƙara nisan zamewa kafin ta yi kwana, dabara ce ta wasa ba tsabta ba, ana yinta ne idan layin ba mai sosai. Idan ka ɗauki kwalba ka ga an ambaci ƙyalli a jikinta, kamar Reacta Shine, ka sani zai canza maka tafiyar ƙwallo. Na mota ko na kujeru mai kakin zuma ko silikon kuwa toshe ƙofofin nan yake yi gaba ɗaya, ƙwallon ta yi kyau a ido kamar a ɗauke ta hoto amma a layi ta zama ta filastik.

Duk yadda ka kai da gogewa wani man sai ya shige, saboda haka lokaci-lokaci sai an yi mata babban wanka, masu sana'ar galibi bayan wasa 50 zuwa 60 suke cewa, ni kuma da na ga kwanarta ta fara ragwanta nake yi. A ƙasashen da wasan ya kafu akwai shagunan da ke da injin ɗumama ƙwallo a hankali har ta yi gumin man, mu namu bokiti ne. Ka samu salatef mai ƙarfi wanda ruwa baya ɗagawa ka rufe hujin ukun nan ruf, don ciki ba a son ya jiƙa. Ka zuba ruwan ɗumi a bokiti, ɗumin da za ka iya tsoma hannu ka bar shi a ciki ba tare da ka zabura ba, kada ya wuce digiri 50 haka, ruwan da ya tafasa kuwa kashe ƙwallo ne kai tsaye. Ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, ka nutsa ta hujin na kallon ƙasa ko gefe, ka bar ta minti 15 zuwa 20 kana ɗan juya ta. Idan ta sha mai sosai za ka ga abin mamaki, saman ruwan zai yi wani shuɗi-shuɗi ja-ja yana yawo, idan ka ciro ta jikinta tsantsi kamar an shafa mata man gyaɗa, wani wurin ma har ɗigo-ɗigo za ka ga yana tsattsafowa daidai inda take birgima a kai. Ka goge, ka canza ruwa, ka sake, har sai ka ciro ta ka ji ba tsantsin. Sannan ka cire salatef ka ajiye ta a inuwa cikin ɗaki ta kwana ta wuni kafin a buga da ita. A sani kuma wasu kamfanonin idan zafi ya fasa ƙwallo ba ruwansu da garanti, shi yasa nake ta nanata maganar ɗumin.

Na san abin da wani yake rayawa yanzu, wai tunda zafi ke fito da man me zai hana a shanya ta a rana, ga ta nan kyauta Allah ya hore mana. Kada ka soma. A watan Maris da Afrilu garin nan yana taɓa digiri 40, siminti da kwanon rufi sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma rana gefe ɗaya take bugawa, ƙwallon kuma ba abu ɗaya bace, akwai ƙullutu mai nauyi a tsakiya akwai abin cikawa akwai fata, kowanne da yadda yake buɗewa idan ya ji zafi, sai wani ya ja wani ya ƙi, ƙarshenta ka ji ɗas ta tsage tun daga hujin yatsa ta zagaye, kuma irin wannan tsagewar ba ta gyaruwa. But ɗin mota ma haka, motar da aka rufe a rana cikinta yana iya haura digiri 60, saboda haka idan zan yi tafiya a ƙasan kujerar baya nake sa jakar, ina isa kuma ita nake fara shigarwa ɗaki. Fito da ita daga ɗaki mai esi zuwa cikin zafin rana kai tsaye shi ma ba ta so.

Akwai kuma lokacin da ba wanki take buƙata ba, saman ne ya cinye ya yi sumul saboda yawan birgima. Nan sai soson gurza na musamman irin Abralon, suna zuwa da lamba, 500, 1000, 2000, 4000, ƙaramar lamba tafi kaushi kuma tana sa ƙwallo ta kama da wuri, babba tafi laushi. A jikin kwalin ƙwallon ko a shafin kamfanin ana rubuta lambar da aka gama ta da ita, ita za ka bi, a jiƙe ake yi kuma a zagaye ko'ina daidai. Samfefan kafinta ba ya cikin lissafi.

Na ƙarshe hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi ba inda ba ta shiga, idan ta sauka a kan ƙwallo mai ɗan maiƙo sai ta manne ta zama wani siririn taɓo da yake toshe ƙofofin, so a wannan lokacin ko ban buga ba nakan fito da ita duk bayan sati biyu haka in goge in ɗan juya mata zama in mayar, jakar kuma kullum zif a rufe. Hujin yatsun ma a riƙa tunawa da su, a ɗan jiƙa gefen tsumma da sifirit a zagaya ciki a bari ya bushe, musamman na babban yatsa inda zufa take taruwa, kuma wanda ya shafa basilin saboda kaushin hunturu ya wanke hannunsa da sabulu tukuna kafin ya ɗauki ƙwallo.